Moɗa Mai Igiya

Yara tara na yaye da hannuna. Ba nawa ba, nawa uwata ce ta yaye su, haka muka tarar ana yi. Taran nan jikoki ne da 'ya'yan ƙannena, waɗanda aka riƙa kawo mini tun muna Jazira muna tsinkar auduga har muka dawo birni. A cikinsu babu wanda ya wuce kwana uku yana yi mini kuka. Shi ya sa ranar Juma'ar da autata ta sauko daga raksha, keken hayar nan mai ƙafa uku, a ƙofar gidana a Umbadda, can ƙarshen Umdurman, yaro a kafaɗa, jaka a hannu, ko tashi ban yi daga kan tabarma ba.

Na ce, “Ajiye shi nan. Juma'a mai zuwa ki zo ki ɗauki abinki.”

Ta ce, “Yumma, wannan fa ba irin waɗancan ba ne.” Yumma uwa ke nan, haka 'ya'yana ke ce mini.

Na ce, “Kai biyu gare shi?”

Gaskiyarta ne, ni ce ban tsaya na ji ba. Duk taran nan daga nono na raba su. Shi wannan bai san nono ba. Uwarsa ta yi zazzaɓi mai tsanani bayan haihuwa, kafin arba'in nonon ya ƙafe, sai aka sa shi a bazzaza, kwalbar nan mai kan roba da ake ba jarirai madara. Shekararsa ɗaya da wata takwas, yana tafiya da ƙafarsa, yana korar kaji, amma bazzaza na rataye a haƙoransa daga safe har dare, kamar tsohon da ya saba da lofe. Ta faɗi ƙasa, ya ɗauka. Ƙuda ya gama da ita, ya mayar baki.

Su a unguwar Mayo suke zaune. Uban ya tafi arewa haƙar zinariya, sai a waya ake jin sa. Ita kuma tana aiki a wata masana'antar biskit a Bahri, mota biyu take hawa, ta fita kafin rana ta fito, sai magariba ta dawo. Yaron a hannun maƙwabta yake wuni. Mutanen kirki ne, ba zan zage su ba, amma wa zai hura gawayi sau biyar a rana don ya dafa kwalbar ɗan wani? Gudawa ta kama shi sau uku tsakanin sanyi da zafi. A na ukun, sistar asibitin unguwarsu ta kwance kan robar, ta juyo cikinsa waje, ta nuna wa uwar baƙin da ya taru a lungu. Ta ce ga ciwon ɗanki nan, in damina ta sauka yana shan wannan abin, ba na so in faɗi abin da zai biyo baya. Ta ba ta wata takarda.

Takardar ce 'yata ta ciro ta miƙo mini. A lokacin ban san baƙi ko ɗaya ba. Na karɓa, na juya ta, na ninke.

Ta ce, “Sista ta ce shuwayya-shuwayya, kaɗan-kaɗan, wai kada a...”

“Sista ta haifi nawa?”

“Ban sani ba, Yumma.”

“To ni na yaye tara. Ɗauki jakarki.”

Na jefa takardar cikin gwangwanin da nake ajiye takardun marigayi Malam, uban 'ya'yana, na rufe.

Ɗan fari ne a wurinta, saboda haka ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gabana. Yaran yanzu da yawa sun watsar da wannan kunya, ita dai ta riƙe. “Yaron nan” take ce masa, kamar ɗan maƙwabta. Ta yi mini sallama ta fita, ba ta waiwaya ba. Amma da na leƙa, na hango bakin mayafinta a bayan katangar gaba. Ta daɗe a tsaye a wurin, raksha biyu suka wuce ta.

Ni kuwa Maigida nake ce masa, kamar yadda kowace kaka ke ce wa jikanta namiji. Na dube shi, ya dube ni ta saman kwalbarsa. Na ce, “Maigida, gemu na tafe kana tsotson roba? Kunyata ni za ka yi a unguwa.”

Safiyar Asabar na aika wa malamin zawiyarmu ya yi rubutun yaye, aka kawo a kwano. Na ba shi a kofi, ya kau da kai. A cokali, ya ture. Ƙarshe rubutun da aka yi don ya manta da bazzaza, a cikin bazzazar ya sha shi, har ya miƙo mini wai in ƙara.

Na ce to, saura ɗaci. Akwai bishiyar nim a ƙofar gidana, wadda mutanenmu na yamma ke ce wa dogon yaro. Na tsinko ganye, na daka, na matse ruwan. A gaban idonsa na yi, yana tsugune yana kallona, har yana taya ni riƙe taɓarya. Na shafe kan robar sosai, na zuba madara, na miƙa masa da hannuna ina murmushi.

Zuƙa ɗaya ya yi. Fuskarsa ta tattare kamar busasshen lemo, ya yi jifa da kwalbar har ta bugi bango. Bai yi kuka nan da nan ba. Kallona ya yi tukuna, kallon da har yau in na tuna ba na jin daɗi. Sannan ya ɓare baki.

Na ce alhamdu lillahi, an gama. Na ɗauko kofi da madara mai ɗumi da sukari. Ya shinshina, ya dubi hannuna, ya juya mini ƙeya. Na kawo kunu, ya ƙi. Ruwa, ya ƙi. Na ce yunwa za ta koya masa hankali, duk haka suke yi.

Sai da yamma ta yi na gane ɓarnar da na tafka. A yayen nono, a jikin uwa ake shafa ɗacin, kuma a ɓoye. Yaro ya ji ɗaci, ya yi fushi da uwarsa, a ɗauke shi a kai wa kaka. Kaka ita ce mai daɗi, ita ce mai kunu da goyo. Duk taran nan haka suka zo mini, da fushin wata, ni kuwa na buɗe musu hannu. Wannan karon ni na daka, ni na shafa, ni na miƙa. Kuma gidan babu kowa sai ni. To wurin wa zai gudu? Yaron ya yanke hukunci, duk abin da ya fito daga hannun tsohuwar nan guba ne.

Daren ranar ba zan ba da labarinsa ba, maƙwabta sun fi ni sani.

Lokacin zafi ne, irin wanda damina ke gab da sauka amma ta ƙi. Wanda ya zauna Umdurman ya san shi. Ƙofar ƙarfe ba ta taɓuwa tun da hantsi, ga shi an ɗauke wuta, fanka ta tsaya. Tun rubutun nan na Asabar, abin da ya shiga cikin yaron ɗan yankan kankana ne da maƙwabciyata ta miƙo masa ta kan katanga, ya tsotsa ya yar. Ranar Lahadi ta shigo da kofin jikanta mai ɗan baki kamar buta, ta gwada da hannunta. Ya riga ya tsorata da komai, ya ture.

Na haɗiye girman kaina. Na wanke bazzazar da sabulu sau uku, na dafa ta, na zuba madara, na ce, “Maigida, na tuba. Ga abarka.” Ya kalle ta, ya kalle ni, ya tura fuska a bango. Na raba shi da kwalba, ban haɗa shi da kofi ba. Na bar shi a tsakiya, a cikin wannan zafi.

Na taɓa wandonsa, a bushe tun asuba. Leɓɓansa sun fara fari. Kukan ma ya daina fita da ƙarfi, sai wani ɗan sauti kamar na jaririyar kyanwa. Na binne yara biyu a Jazira, na san yadda idon yaro ke faɗawa in ruwan jikinsa ya fara ƙarewa. Nasa bai kai can ba, amma ya kama hanya. Na ce wa kaina, in aka kira la'asar bai sha komai ba, zan goya shi mu tafi asibiti a sa masa ruwa ta jijiya, in kira uwarsa in gaya mata tsohuwar da ta yaye tara ta kusa kashe na goma.

A ƙofar gidana, ƙarƙashin nim ɗin nan, akwai sabil. Randuna uku ne a kan ƙafafun ƙarfe, na ajiye su tun rasuwar Malam don duk mai wucewa ya sha, ladan ya je masa. Akwai moɗar ƙarfe ɗaure da igiya a jikin ƙafar, don in ba a ɗaure ba tafiya take yi. Kowane layi a Umdurman akwai irinsu, ba wani abin a zo a gani ba ne.

Bayan azahar mai karo ya iso, wato mai kawo mana ruwa a ganga a kan amalanken jaki. Tsoho ne, mutumin Maiwurno, Bahaushe ɗan'uwanmu, bakinsa ba ya shiru. Shekara goma yana zuba mini ruwa muna faɗa. Na fito da yaron a kafaɗa don in nuna masa randar da za a cika.

Ya ce, “Hajiya, wa ya taɓa angon naki? Ko kin ƙona masa tuwo?”

“Yaye nake yi.”

“Yaye ko horo? Dubi bakinsa fa.”

“Zuba ruwanka ka wuce, ba a tambaye ka ba.”

Ya zuba. Sannan ya yi abin da yake yi kullum, wanda ban taɓa tsayawa na kalla ba. Ya jawo moɗar har igiyar ta miƙe, ya kamfato daga randar tsakiya, wadda ruwanta ya kwana ya yi sanyi. Ya tsuguna, ya yi bisimilla, ya sha, maƙogwaronsa na hawa da sauka, ƙwat, ƙwat, ƙwat. Ya sauke ya ce “Ahhh!” kamar wanda aka sauke wa buhu. Ya cire hula ya sheƙa ragowar a kansa. Ya ce, “Allah ya jiƙan mai ruwan nan.”

Sai na ji yaron ya motsa a kafaɗata. Ya miƙa hannu. Ya ce, “Moya.” Ruwa ke nan da Larabci, da shi ya iya faɗa.

Kun san abin da na yi? Na buge hannun. Wallahi na buge. Abin da ya zo mini, bakin duniya duka na kan moɗar nan, masu tari da masu taba, ruwan kuma ba dafaffe ba, ga maganar sista.

Mai karo ya miƙe tsaye. Ban taɓa ganin fuskarsa babu dariya ba sai ranar. Ya ce, “Hajiya, sabil ne wannan ko shago? Bawan Allah ya nemi ruwa a sabil kin hana shi? Me za a rubuta wa Malam yau?”

Na sauke yaron ƙasa. Tsohon ya ɗauraye moɗar, ya ɗebo kaɗan. Bai kai masa baki ba, a hannuwansa biyu ya sa masa, ya ja da baya. Moɗar ta fi fuskar yaron girma. Ya ɗaga, rabin ruwan ya bi ta wuyansa, ya ƙware, ya yi tari. Na yunƙura, tsohon ya ɗaga mini hannu. Yaron ya sake ɗaga moɗar. Wannan karon na ga ɗan maƙogwaron na motsi. Ya sha, ya sha. Ya sauke ya ce “Ahhh!” Sannan ya juye sauran a kansa.

Mai karo ya yi dariya har jakin ya firgita. Ni kuwa na zauna a ƙasa a bakin hanya, ba tabarma ba komai. Sau huɗu aka ɗebo masa. Kafin magariba ya jiƙa mini zane, ban taɓa murna da fitsari irin ta ranar ba.

Amma ban yarda ya ci gaba da shan ruwan kowa da kowa ba. Na kwance moɗar daga igiya, na shiga da ita ciki, na dirje da toka da sabulu, na zuba dafaffen ruwa, na miƙa. Ya ƙi. Na fito da ita waje na miƙa. Ya ƙi. Ya taka zuwa wajen randunan, ya kama igiyar da ke lilo babu komai a bakinta, yana ja yana kallona. Nan na fahimta. Wadda ke ɗaure yake so, wadda ba ta kowa ba, wadda ba ta bi ta hannuna ba, kuma a waje inda maza ke sha.

Na ce to, in sabil kake so, sabil za ka samu. Ina da wata 'yar tukunyar ƙasa mai faɗin baki da nake sanyaya ruwan buɗa baki da azumi. Yana barci na wanke ta, na dafa ruwa ya huce, na cika. Na jera bulo biyu kusa da manyan, na ɗora, na rufe da marfi. Na tono wata 'yar moɗa cikin kayan da na yi sana'ar shayi da su a kasuwa shekarun baya, kurɓi uku take ɗauka. Na yage bakin tsohon zane na murza igiya, na ɗaure ta a jikin ƙarfen.

Da safe na buɗe ƙofa, na zauna a kujera 'yar tsugunno ina tsintar wake kamar ba ruwana. Ya fito, ya zagaya, ya ja igiyar ya ji a ɗaure take. Ya buɗe marfi. Ya ɗebo da kansa. Rabi a ciki, rabi a ka.

Ni da na ce kwana uku, sai ga ni na zama mai gadi. Shi kuwa ya zama mai sabil. Duk wanda ya tsaya shan ruwa, sai ya ɗebo a 'yar moɗarsa ya miƙa masa. Masu hankali su tsuguna su yi kamar sun sha, su sa masa albarka su wuce. Wani lebura da ke aikin gini a layinmu kuwa ya karɓa ya shanye, ya miƙa aka ƙara masa, ya kuma shanyewa. Na taso da tsintsiya.

“Kai! Randuna uku ba su ishe ka ba, sai na jariri?”

Ya ce da Larabci, “Haboba, ai shi ya ba ni!” Haboba kaka ce, haka suke ce wa kowace tsohuwa.

Na ce, “In ya ba ka wuƙa ma haɗiyewa za ka yi?”

Na kwance, na wanke, na dafa, na mayar. Gawayin da na ƙona a makon nan ya isa girkin suna.

Ruwa ya samu, saura madara. Abinci yana ɗan taɓawa in na ajiye kwano a ƙasa na kau da kai, amma duk wani abu fari, ko a ina ya gan shi, gudu yake. Ranar Talata na tare mai karo. Na haɗa shayi, madarar ta fi yawa, na zuba a kofi, na ɗaura wa kofin igiya a jikin ƙarfen sabil.

Ya ce, “Wannan kuma fa?”

“Sha. Da ƙara za ka sha, ya ji.”

“Hajiya, a tsufana za ki ɗaure ni a turke? Jakina ma fa yana kallo.”

“Shekara goma kana roƙon shayina, yau ka samu kana tsiya.”

“To a ƙara sukari, tunda aiki ne.”

Ya tsuguna yana zuƙa kamar injin ban ruwa. Da ya ce “Ahhh!” na ce masa ƙasa-ƙasa, in ka zuba wannan a ka sai na fasa kan. Maigida na tsaye yana kallo, hannu a baya. Na riga na ajiye ɗan kwano mai marfi da madara kusa da tukunyarsa. Ranar bai taɓa ba, kyanwa ce ta amfana. Laraba da safe na ajiye sabuwa. Ya tsoma yatsa ya lasa. Ya tsaya yana jiran ɗacin. Na ga yana jira, wallahi, idonsa a kaina. Ɗaci bai zo ba. Ya ɗebo da moɗarsa ya sha, ya kuma zuba sauran a ka. Ranar wanka uku na yi masa.

Har lokacin bai karɓi abin baki daga hannuna ba. Yana yarda in goya shi, in yi masa wanka, amma abin sha a'a. Ba zan ce abin bai dame ni ba. Ya dame ni ƙwarai. Alhamis da hantsi ina zaune a kujerata, sai ya ɗebo ruwa ya nufo ni. Igiyar ta ƙare kafin ya iso, ruwan ya fantsame. Ya koma ya sake ɗebowa, ya zo iyakar igiyar ya tsaya, ya miƙo. Ya ce, “Haboba. Moya.”

Gwiwoyina sun daɗe da lalacewa, sallah ma a zaune nake yi. Amma na sauko daga kujerar, na ja jiki, na durƙusa a gabansa a cikin laka kamar amaryar jiya. Na karɓa da hannu biyu. Na sha. Na ce “Ahhh!” Ya tsaya yana kallona. Na gane abin da yake jira. Na zame ɗankwali na zuba sauran a furfurata.

Da rana na ba shi kunu a kofi, a cikin gida, da hannuna, ba igiya. Ya shinshina, ya dube ni, ya sha.

Juma'a uwarsa ta iso bayan an sauko daga masallaci, shi yana barci a ɗaki. Ta rame a mako ɗaya. Ta gaishe ni, ta tambayi gwiwata, ta tambayi zafi, ta tambayi maƙwabciyata, saura kaɗan ta tambayi jakin mai karo. Idonta na yawo a tsakar gida. Na bar ta ta sha wuya kaɗan.

Can ta ce, “Mutanen gidan fa, suna lafiya?”

“Waɗanne mutane? Ni kaɗai ce a gidan.”

“Yumma!”

Muryarta ce ta tashe shi. Ya fito yana murza ido, ya gan ta, ya ɓuya a bayan zanena. Sai kuma ya fito, ya kama bakin mayafinta, ya ja ta har ƙofar gida. Ya buɗe marfi, ya ɗebo, ya sha a gabanta, ya ce “Ahhh!” Sannan ya sake ɗebowa ya miƙa mata. Ta tsaya ƙiƙam, tana satar kallona. A gabana ba za ta iya ba. Na ce bari in duba tukunya, na shige. Babu tukunya a wuta. Ta ramin ƙofa na leƙa, ba zan yi ƙarya ba. Ta durƙusa ta sha, ta rungume shi da moɗar da igiyar gaba ɗaya, tana kiran sunansa a hankali, tana ta maimaitawa. Ranar na fara jin sunan a bakinta.

Da ta shigo na ce, “Buɗe jakar.”

“Ba komai a ciki, Yumma.”

“Buɗe.”

Sabuwar bazzaza ce a ledarta, ta saya a hanya ko da abin ya ƙi. Ban yi mata faɗa ba, da wane bakin? Na zaunar da ita na ba ta labarin nim ɗin duka, ban rage komai ba. Ta ce ya wuce. Bazzazar kuwa na ba maƙwabciyata, akuyarta ta mutu ta bar ɗa. Ɗan akuyar ya sha ta har ya girma, ko sau ɗaya bai yi gudawa ba.

Ya ƙara mako ɗaya a wurina. Da za su tafi na kwance 'yar moɗar da igiyarta na sa musu a jaka, tukunyar kuma ta rungume ta a cinya har Mayo. A can ta kafa ƙusa a bakin ƙofarsu ta ɗaure. Ta ce maƙwabtan da ke riƙe shi sun fi kowa murna, moɗa ba ta da lungu, wanki ɗaya ne. Damina ta sauka, unguwarsu ta cika da ruwa kamar kowace shekara. Cikinsa ya ɗan taɓu sau ɗaya, kwana biyu ya ware, ko asibiti ba a je ba. Kafin sanyi ya shigo ya yi kumatu. Igiyar kuwa da kansa ya daina nema, ba wanda ya san ranar.

Bayan shekara uku aka buɗe ajin manya na mata a masallacin unguwa. Na shiga, na haura sittin, don na gaji da miƙa wa yara takarda su karanta mini abin da suka ga dama. Wata rana ina neman wata takardar Malam a gwangwani, sai ga ta sista, a ninke yadda na ninke ta. Na zauna ina bin baƙaƙen da yatsa, tun azahar har aka kira la'asar. Cewa take a rage kwalbar kaɗan-kaɗan, a fara da ta rana. A bar yaro ya riƙe kofi da kansa ko da zai zubar. A bar shi ya ga manya suna sha. Na juya bayanta ko akwai maganar nim. Babu.

Na kira 'yata a waya. Na ce, “Ke, ashe duk abin nan yana cikin takardar nan.”

Ta ce, “Yumma, ai na faɗa miki.”

Na ce, “Ba ki faɗa da ƙarfi ba.”

Ina jin sa a bayanta yana tambaya da wa take magana. Ta ce da haboba. Ya karɓe wayar, ya ce in ajiye masa ruwan randar tsakiya, wai ya fi sanyi, Juma'a suna tafe.